Ƴan Neman Tashe

A da, wanda ke son jama'a su ga fuskarsa a allo sai ya tattara ya nufi Titin Gidan Zoo a Kano, ya yi ta riƙe wa darakta jaka, ana aikensa sayen ruwan leda, har ran da za a tausaya masa a ba shi fitowar ɗan aike, ya yi sallama a amsa, shi ke nan an gama da shi. Yau waya ce da data. Manhajar TikTok ba ta tambayar ɗan gidan wane ne kai. Ka saka bidiyo, ta nuna wa mutane kaɗan. In sun tsaya sun kalla har ƙarshe, ko sun tura wa wani, ta ƙara gaba da shi. In sun zarce, ta binne shi ba wanda ya ji labari. Wannan binnewar ita ce babbar rahamar wajen. Ɗan kasuwar da ya karye, unguwa duk sai ta sani. Wanda bidiyonsa ya mutu kuwa, gobe da safe sai ya sake wani salo kamar ba shi ba. Shi ya sa wajen ya tara jama'a iri-iri.

Na fi jin daɗin Malam Gwada-Komai. Ya fara da girki, ya ƙona albasa a gaban mutum goma sha ɗaya, cikinsu har da ƙanwarsa da ta shiga da waya biyu. Ya koma sharhin ƙwallo, ƴan Arsenal suka yi masa ca. Ya ɗaura rawani ya gwada nasiha, wani ɗalibin Islamiyya ya gyara masa karatu a bainar jama'a. Da guguwar Hamster Kombat ta taso a 2024 ya zama malamin dangwale, yana koya wa mutane yadda za su tara dukiya da ɗan yatsa, har ranar da aka fashe kowa ya ga abin da ya samu bai kai kuɗin cajin da ya ƙona ba. Duk wannan bai sa ya yi zuciya ba. Rannan yana shirin ɗaukar wani darasi mai nauyi a kan tarbiyya, ya kafa waya a jikin buta, akuyar maƙwabta ta shigo ta fizge takardar da ya rubuta jawabin, ya bi ta da gudu yana ƙunduma mata baƙar magana. Ya manta bai kashe kyamara ba. Wannan ne ya yi tashe. Yanzu ya sayi akuyar, ya raɗa mata suna, kuma masu sayar da turare da atamfa suna biyansa ya yi musu talla tana gefe tana tuƙa.

Kada a raina shi. Khaby Lame, ɗan asalin Senegal da ya tashi a Italiya, aikin masana'anta ya rasa a 2020 lokacin korona, ya zauna a ɗaki yana gwaji. Abin da ya karɓe shi bai wuce ya yi shiru ba, ya kalli masu wahalar da kansu a kan abu mai sauƙi, ya yi shi a sauƙaƙe, ya shimfiɗa tafukan hannu. A 2022 ya wuce kowa yawan mabiya a TikTok, bai ce uffan ba. Da a gaban darakta ya kai wannan dabara, da tuni an ce ya je ya koyi magana tukuna.

A bayan Gwada-Komai akwai rundunar Ni-Ma-Haka. Su ba sa ƙirƙira, jira suke. Kafin mako ya zagayo kowa ya nemo akuya, wanda bai samu ba ya aro tunkiya. Da wani matashi ya yi suna da wanka a kwata, ai kun ga yadda aka yi ta rububin kwatoci, har mai unguwa ya fara zaton ƴan aikin gayya ne suka fito yashe magudanar ruwa. Abin da ba su gane ba, ladan na wanda ya fara ne. Na goma sha biyu sai ƙaiƙayi.

Sai Alhaji Kafin-Mu-Fara, mazaunin YouTube. Kan labarinsa kullum da salati yake farawa: “Innalillahi! Kalli abin da ya faru da fitacciyar jaruma yanzu-yanzu.” Ka danna gabanka na faɗuwa, sai ka tarar da sallama mai tsawon zango, gaisuwa ga masoya na gida da na ƙetare, roƙon a danna ƙararrawa, tallar maganin basir, sannan a minti na bakwai a sanar da kai cewa jarumar ta canza hoton da ke shafinta. Yana da hujjarsa. Kafin YouTube ta fara raba kuɗin talla da mai tasha, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara guda, kuma bidiyon da ya kai minti 8 ne ake iya cusa wa talla a tsakiya. To mutumin da labarinsa bai wuce numfashi biyu ba, da me zai cike sauran in ba da gaisuwa ba? Burinsa a duniya allon azurfar nan da ake aiko wa wanda ya kai mabiya 100,000. Ya riga ya buga ƙusar da zai rataye shi.

Hajiyar Laif ba ta fitowa sai dare ya raba. Fitila mai zagaye a gabanta, labule mai ƙyalli a bayanta, a bayan labulen kuma kwanukan da ba a wanke ba. Ba ta waƙa, ba ta wasa, ba ta koyar da komai. Zama kawai take tana karanta sunayen masu shigowa. “Sannu da zuwa Alhajina na Jidda, ka ɓuya. Yayana na Agadas, ina gaisuwa. A taɓa allo, jama'a, a taɓa allo.” Wanda ya jefo fure, kyautar da ba ta wuce sulai ɗaya na manhajar TikTok ba, a ce an gode. Wanda ya turo zaki, mai sulai 29,999, sai ta miƙe tsaye da kirari, har kakanninsa su sha addu'a. Alhajin na Jidda kuwa wataƙila leburan gini ne da ya yini a rana, amma a daren nan shi ne mai gari.

Akwai Mai Sadaka Da Kyamara, wanda ba ya iya miƙa wa tsohuwa taliya ƙwaya uku sai da masu ɗauka biyu da kiɗa mai sa kuka. In ta yi godiya a gajarce, sai ya ce, “Baba, a sake, ba a ɗauka ba.” Wannan ba ya ba ni dariya sosai, mu wuce.

Mai Makirufo yana tsaye a bakin Kantin Kwari yana tare mutane: “Tsakanin miliyan goma da saurayinki, wanne za ki ɗauka?” Ya tambayi mutum arba'in, ya zubar da amsar duk mai hankali, ya saka ta ukun da suka yi shirme. Yayansa shi ne mai kujeru biyu da tukunyar fure, wanda ke gayyato baƙo ya yi masa tambaya, sannan ya amsa da kansa.

Daga cikin waɗannan duka ake samun Mai Ban Haƙuri. Jiya ya yi ashar, yau ya fito da farar jallabiya da hula, murya ƙasa-ƙasa, yana roƙon iyayenmu malamai da al'ummar Annabi su yafe masa, sharrin shaiɗan ne. Wani da kansa ya ga dama, wani kuwa sai da aka taimaka masa. A Nuwamban 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa wasu ƴan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da sharar harabar kotu ta kwana 30, da fitowa su nemi afuwa, saboda bidiyon da suka yi a kan gwamnan lokacin, Abdullahi Ganduje. A 2025 kuma wata kotun ta umarci Hisbah ta ɗaura wa wasu biyu aure cikin kwana 60, kodayake daga baya an fasa. Manhaja tana ba da lada a kan gwaji, amma ba a gaya mata akwai gwajin da ke ƙarewa a gaban alƙali ba. Bidiyon ban haƙurin ma, abin haushi, yakan fi na laifin samun masu kallo.

A can gefe akwai wanda ba a cika ambato ba: mai gyaran waya a Farm Centre da ya kafa kyamara a kan teburinsa yana nuna yadda ake canza gilashi ba tare da an tsinke igiyar ciki ba, ko malamar da ke warware lissafin jarrabawar WAEC da Hausa tsantsa, da alli da ɗan allo. Mabiyansu ba su taka kara sun karya ba, amma duk wanda ya zo da buƙata ya zo. Su ma gwaji suke, nasu ne dai ba ya ihu. Kuma irin wannan ƙarfin halin ne ya sa Lawan Ahmad ya ɗora shirin fim ɗin Izzar So a YouTube a 2020, kashi-kashi, kyauta, a lokacin da kasuwar faifai ta riga ta mutu; da abin ya karɓu, Kannywood kusan gaba ɗaya ta karkata ga fim mai dogon zango.

Saura Baba Allah-Wadai. Shi ba ya saka komai, kallo ne nasa, kuma don takaici yake yi. Ya kalli mai wankan kwata tun daga farko har ƙarshe, ya maimaita don ya tabbatar da idonsa, ya rubuta “Allah ya shirya mana zuri'a” a ƙasa, sannan ya tura wa zauren WhatsApp na dangi, da na masallaci, da na tsofaffin ɗalibai, da gargaɗin a ga yadda tarbiyya ta lalace. Manhaja ba ta jin Hausar takaici. Abin da ta lissafa shi ne an kalla sau biyu, an yi magana, an tura wuri uku, don haka ta ƙara wa yaron mutum dubu, shi kuma Baba ta jero masa irinsa guda goma. Tun da aka ƙara kuɗin data a farkon 2025 yake rantsuwar zai goge manhajar. Da la'asar ɗin nan ya aiki jikansa ya sayo masa kati.