Mas'alar Muryar Saye

Magabata sun yi ittifaƙi a kan cewa murya baiwa ce da Allah ke ba wanda Ya so, amma mutanen zamaninmu, da yake ba su rasa hila a kan kowace mas'ala, sun gano cewa wanda bai samu ba a rabon farko yana iya zuwa sutudiyo a titin Gidan Zoo a Kano ya saya, har a yi masa ragi in ya iya ciniki.

Asalin al'amarin kuwa, wani injiniya ne Ba'amurke, Andy Hildebrand, wanda ya daɗe yana lissafin amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa domin neman man fetur, ya fito da Auto-Tune, abin gyaran murya a kwamfuta, a 1997, da niyyar in mawaƙi ya ɗan kauce a mayar da shi kan hanya ba wanda ya sani. A 1998 masu haɗa wa mawaƙiya Cher kiɗa suka murɗe shi iyakar murɗawa, abin da aka yi domin sutura ya koma ado.

Mu kuwa, da ba a san mu da tsakaitawa ba, sai muka ɗauke shi wajibi. Yaro zai shigo da muryar da ko maƙwabtansa sun gaji da kai ƙararta, mai haɗa kiɗa, yana zaune gaban manhajar FL Studio cikin natsuwar alƙali, ya ce, "Kada ka damu, maigida, kwamfuta za ta gyara." Ya zuba masa Auto-Tune, ya bi da amsa-kuwwa har kalma guda ta dawo sau huɗu kamar daga ƙasan rijiya ake rero ta, ta yadda in an gama ko mahaifiyarsa ba za ta yi rantsuwa a kan ɗanta ne ba. Marigayi Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da kalangu da 'yan amshi kawai ya cika fage, bai san asarar da ya yi ba.

Haƙiƙar lamarin tana bayyana ne ranar biki, sa'ad da janareta ya mutu, waƙa ta tsaya cak, mawaƙi kuwa bakinsa bai daina motsi ba.

Saboda haka, jama'a, duk mai ɗaukar mawaƙi ya sa shi ya rera baiti ɗaya a zaure, ba lasifika, kafin ya ba da kafin alƙalami.