Bazazzagen Bryan Adams

Bazazzage, an ce har yau idan aka taɓo zancen waƙa a majalisarku ta Samaru sai ka gyara zaman hula ka ce, "Mako 16 fa ta yi!" kamar kai ka riƙe wa Bryan Adams jitarsa. To matso mu yi lissafi, tunda wannan gadonmu ne mu Kanawa, ku kuwa Allah ya bar ku da dogon Turanci.

Ba na ja da kai a kan adadin. "Everything I Do" ta ɗare saman jadawalin waƙoƙin Birtaniya a watan Yulin 1991, ba ta sauko ba sai ƙarshen Oktoba, da 'yan U2 suka ture ta da "The Fly". A Amurka mako 7 ta yi a saman Billboard. Amma ka taɓa tambayar yadda ake ƙirgen? A Birtaniya ta wancan zamanin ciniki ake lissafawa: faifai nawa, kaset nawa aka saya a kantuna cikin mako. Kuma wa ya yi mata talla? Fim ɗin Kevin Costner na Robin Hood, ɓarawon nan na dajin Sherwood. Duk wanda ya fito daga silima da ƙwalla a ido, washegari sai ya nufi kanti. Karin waƙar ma daga kiɗan fim ɗin aka tsamo shi, na Michael Kamen, sannan Adams da Mutt Lange suka ɗora mata baituka.

Yanzu ina gudummawarka? Naka kaset ɗin na kwafi ne, a bakin kasuwa aka tura maka, kana juya shi da biro don kada batir ya ƙare. Sisinka bai shiga ƙirgen Landan ba. Turawa da sayen faifai, Bazazzage da tinƙaho.

Abin da ya fi ba ni dariya shi ne cika bakin da kake yi wai kai mai jin rock ne, kiɗan maza. Malam, wannan mai laushin ce. Da piyano ta fara, a hankali, jitar ma sai can tsakiya take ɗaga murya ta koma ta kwanta. Lange ɗin nan shi ya haɗa wa AC/DC kundin "Back in Black", mai girgiza bango, amma duk cikin aikinsa ka rasa wadda za ka riƙe sai ta lallashin budurwa. Ita ma budurwar, in ba a manta ba, wani ɗan Kantin Kwari ne ya aure ta.

Kuma mako 16 ɗin da ƙyar ya tsira. A 1994 Wet Wet Wet sun kai 15 da "Love Is All Around", ita ma ta fim ce, sai su da kansu suka janye faifan daga kasuwa don an gaji da ji. A 2016 Drake ya yi 15 da "One Dance", har da muryar Wizkid ɗan Legas a ciki, wanda kake cewa kiɗansa hayaniyar yara ce. In kuwa jimilla za a bi ba a jere ba, Frankie Laine ya yi 18 tun 1953. Gwarzon naka ya samu Grammy, wannan kam haka ne, amma a wajen Oscar waƙar katun ce ta kayar da shi, ta "Beauty and the Beast".

Saura kuɗin sharata na bara da na bana. Cika-ciki na tafe, ka tanada, kuma ba na karɓar kaset.