Zuwa ga Sarkin Layu na Tudun Wada

Mai Guru, yaya nauyin kaya? Ba na buhunan masara nake tambaya ba, na ƙugu da damtse nake nufi, don na san in aka ɗora ka a sikeli rabi kai ne, rabi fatar dukawa.

Labari ya iso mu nan Zazzau cewa ka tayar da jijiyar wuya a gida, wai Auta ya dawo hutu daga jami'a da littattafan tsafi. Wai ka iske shi da abokansa sun kewaye tabarma, ga takardu ga 'yan lido, wannan yana cewa ya jefa wuta, wancan yana cewa ya ɓace, har ka ce a nemo mai ruƙiyya. Kai? Kai ne yau kake gudun littafin asiri? Lallai gwano ba ya jin warin jikinsa.

Zauna in wayar maka da kai, tunda aikinmu ne Zage-zagi tun kaka da kakanni mu karantar da Kanawa. Wasa ne, sunansa Dungeons & Dragons. Wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fito da shi a 1974, shekarar da aka kammala madatsar ruwan Tiga da ke nan Bebeji kusa da ku. Tatsuniya ce ake yi da taron dangi. Mutum ɗaya yana jan labari, sauran kowa ya ɗauki jarumi guda, wani mayaƙi, wani ɓarawo, wani boka. In jarumi zai yi wani abin bajinta, sai a jefa ɗan lido mai fuska 20, abin da ya fito shi ne hukunci. Babu yanka, babu turare, babu baƙin bunsuru. Ka ga ai ba layinka ba ne.

Inda kuka yi tarayya da masu buga wasan shi ne rashin ƙoshi. Shekara ɗaya da fitowar wasan, a 1975, suka buga ƙarin littafi mai suna Greyhawk, suka kai matakan sihirin boka har zuwa na 9. Tun daga nan ba su huta ba. A 2005 suka tattara sihiri fiye da 1,000 a littafi guda, Spell Compendium, a 2020 kuma suka ƙaro Tasha's Cauldron of Everything. Kowane sabon littafi sai ya ɗauko tsohon sihiri ya yi masa ƙanne da 'yan uba, yara kuma su yi ta zuba kuɗi.

To, faɗa mini gaskiya, da me wannan ya bambanta da kundin nan naka da kake ɗaurewa da tsumma? Na san shi tun yana 'yan warƙoƙi, yau ya fi matashin kai tudu. Maganin ƙarfe kaɗai babi uku ne: na wuƙa, na adda, na bindiga. Farin jini akwai na kasuwa, na zawarci, da wanda ka ƙaro lokacin da ka so takarar kansila. Ga sagau, ga shashatau, ga kau-da-bara, ga baduhu. Ka kwafo wani wurin mafarauta a Doguwa, ka sayo wani a hannun mai lasifika a Kwanar Dangora, ka haura har Riruwai don an ce wani tsoho yana da laƙanin da ke sa kuza ta biyo mutum gida. Kuzar ba ta biyo ka ba, masu bin bashi ne suka biyo ka. Kada ka ɓata rai, ai ƙoƙari ka yi.

Har mahaɗin ma iri ɗaya ne, shi ya sa nake zargin wani Bakano ya taɓa kai musu talla. Bokan wasan in zai jefa dunƙulen wuta, sai ya tanadi kashin jemage da farar wuta. In zai ɓace wa ido, sai ya samo gashin ido guda ya lulluɓe shi da ƙaro. Rantse ba ka taɓa aiken yaro neman abin da ya fi wannan ban dariya ba!

Amma akwai inda littafin Auta ya fi naka mutunci, shi ne ba ya cika baki. Ya faɗa maka wutar nan ƙafa 150 take kaiwa, ba ta wucewa. Layar zanarsu awa ɗaya take yi, kuma da ka kai wa wani duka ta karye, kowa ya gan ka. Bokansu yana da adadin abin da zai iya a rana, in ya ƙare sai ya kwanta ya huta awa 8. Sau da yawa ma abokin gaba yana da damar jefa nasa ɗan lidon ya tsira. Duk a rubuce, tun kafin ka biya. Naka kundin fa? Kowane shafi mujarrabi ne, sha yanzu magani yanzu. Ranar da bai ci ba kuwa laifinka ne: ka shiga bayi da laya, ka tsallake igiyar akuya, ko Hajiya ta taɓa gurun da hannun miya.

Ko ka manta da daren da motarku ta mutu a tsakiyar dajin Falgore? Direba ya ba mu labari tiryan-tiryan. Ana jin motsi a ciyawa, kowa ya juya wajenka don an san kai ne mai layar zana. Aka duba babu kai. Mutane har sun fara kabbara, ashe kana ƙarƙashin kujera, kai da kajin wata baiwar Allah. Mai motsin kuwa gwaggon biri ne, ya leƙo ya ga babu abin ci ya yi gaba. Na dai yaba maka, ɓacewa kam ka ɓace.

Kuma kada ka ce mini ilimin magabata kake riƙo. Magabatan sun san lissafi. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu Bakatsine, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake gina hatimi mai gidaje mara, irin wanda duk ta inda ka tara lambobinsa jimla ɗaya za ka samu, har yau masana tarihin lissafi suna ambatonsa. Hatimi mai gida tara, ko'ina 15 yake bayarwa. Naka na tara shi rannan, sama 15, tsakiya 19, ƙasa kuma tawada ta zube.

Saboda haka ƙyale yaron nan. Shi ya san wasa yake yi, in an kira salla ya tattara 'yan lidonsa ya yi masallaci, addu'arsa daban, wasansa daban. Kai ne har yau ba a sanar da kai cewa wasa kake yi ba.

Ga shawara kyauta, ko da yake na san Bakano ba ya yarda da abin da ba a yi cinikinsa ba. Ba Auta kundin nan ya tsara shi. Ya sa wa sagau mataki, ya yanka wa baduhu awanni, ya rubuta nisan da kau-da-bara ke kaiwa, ya zana taswirar Falgore da duwatsun Riruwai, a sayar wa masu wasan nan na duniya da dala. Sun gaji da dodannin Turawa, ba su taɓa jin labarin ɗan tauri ba. A karo na farko kundinka zai kawo kuɗi gida maimakon ya fitar.

Kasona kashi goma ne, na mai shawara. In kuma ranka ya ɓaci, ga ni nan Zariya, ƙofa a buɗe. Ka taho da sagau ɗinka, ni kuma zan sa a tuƙa tuwo, mu ga hannun wa zai sage.