Ranar da Na Riƙe wa Faransawa Bokitin Tofi

Duk wanda ya yi lakkwal a Nijar an koya masa cewa shato gidan sarauta ne. Saboda haka da malaminmu na darasin aikin gona a birnin Bordo ya ce ranar Alhamis za a kai ajinmu wani shato a yankin Medok, ban tsaya dogon bincike ba. Ɗan Damagaram ba ya shiga fada da wandon jin. Na zaro farar shaddar da innata ta sa aka ɗinka mini, na kafa hula, na fesa turare. 'Yan ajinmu kuwa kowa ya zo da baƙar riga da takalmin gona. Har tausayinsu na ji.

Muka isa. Babu sarki, babu dogari. Gonar inabi ce iya ganinka, ƙasar duk tsakuwa, sai wani dogon ɗaki mai sanyi da duhu. Ashe a Bordo duk gidan da ke noman inabi yana yin giya shato ake ce masa, ko da ginin bai wuce na mai unguwa ba. Sarauta kam akwai, amma ta kwalabe ce: tun 1855, bisa umarnin Napoleon na Uku, aka jera manyan gidajen giyar yankin hawa biyar saboda baje kolin Paris, kuma jerin yana nan har yau. Gidan Mouton Rothschild sai a 1973 ya samu hawa matakin farko, bayan shekaru ana kai gwauro ana kai mari.

Wani dattijo mai jan hanci, shi ne sarkin ɗakin ajiya, ya tarbe mu. Ya dubi shaddata ya daɗe, kamar zai yi magana, sai ya fasa. Ya ja mu tsakanin gangunan katako da aka jera a kwance, yana shafa su yana bayani. Kowace ganga lita 225 take ci, wato kwalba ɗari uku ke nan. Itacen oak ake yin ta da shi, daga dazuzzuka irin su Tronse da ke tsakiyar Faransa, kuma bishiyar takan haura shekara ɗari kafin a sare ta. Ba a yanka katakon da zarto, tsaga shi ake yi bisa jijiyarsa don kada ya yi yoyo. Sai a jibge shi a fili shekara biyu zuwa uku, ruwa da rana su wanke masa ɗaci, sannan maƙerin ganga ya lanƙwasa shi a kan wuta, ya ɗan babbaka cikinsa. Wannan babbakar ce ke ba giyar ƙanshin banila da hayaƙi.

A ciki jan ruwan inabin Cabernet Sauvignon da Merlot yakan kwana wata goma sha takwas ko makamancin haka. Katako yana numfashi, iska kaɗan tana shiga tana tausasa baurin giyar, wani kaso kuma yana tsanewa ya bi iska, dole a riƙa cike gurbin don kada ta lalace. Dattijon ya ɗaga yatsa sama ya ce wannan kason da ke ɓacewa rabon mala'iku ne. Na ce a'uzu billahi da ƙarfin da ban yi niyya ba. Ya ɗauka atishawa na yi, ya ce Allah ya ƙara lafiya, ya ci gaba. Bayan kowane wata uku ana juye giyar zuwa wata ganga ana duba ta da hasken kyandir don a bar laka a ƙasa. Wajen ƙarshe a kaɗa farin ƙwai biyar ko shida a zuba a kowace ganga, ya kwashe gurɓin ya kwanta da shi. Bayan an ɗura a kwalba kuma sai a kwantar da ita a duhu, cikin sanyin da bai wuce digiri 12 zuwa 14 ba, shekara goma ko ashirin.

Sai aka zo ɗanɗano. Aka miƙo mini kofin gilashi mai dogon wuya. Na ce, "Mushe, a yi haƙuri, ni ba na sha."

Ya ce, "Ɗana, ai nan ba mai sha. Kurkure baki ake yi a tofar."

Na ce ko kurkurar ma addinina bai yarda ba. Bai ji haushi ba. Ya ce to hancina fa, shi ma yana azumi? Ɗakin dai ya riga ya cika da warin, ba sai na nema ba. 'Yan ajinmu suna ta juya kofi suna cusa hanci, wannan ya ce yana jin baƙaƙen 'ya'yan itace, wancan ya ce taba, wata ta ce itacen al'ul. Da aka zo kaina na faɗi gaskiyata don a rabu da ni: warin majemar garinmu nake ji, inda ake jiƙa fata a ruwan bagaruwa.

Dattijo ya ajiye kofinsa, ya kama kafaɗuna biyu. Ya ce a cikin ajin nan kaf ni kaɗai ke da hanci. Ƙanshin fata alama ce ta jar giya da ta fara manyanta, kuma sinadarin tanin da ke cikin bagaruwa dangin wanda ke cikin ɓawon inabi da 'ya'yansa da katakon oak ne. Shi ke kawo bauri a baki, shi ne kuma ke sa giya ta jure shekaru ba ta mutu ba. Aka yi mini tafi. Don a girmama ni, tunda hannuwana babu kofi, aka damƙa mini bokitin tofi in riƙe wa jama'a.

A nan ne na gane tofi ma ilimi ne. Dattijon ya guntsa, ya ja iska ta tsakanin haƙora da wata ƙara wadda da a gidanmu ne sai an mare shi, ya lumshe ido, sannan ya harbo siririn ja daga nesa, tsaf cikin bokiti, ko ɗigo bai kauce ba. Bishiyar shekara ɗari, shanyar shekara uku, jiran wata goma sha takwas, duk a bokitin da ke hannuna suka ƙare. Ɗalibai suka ce su ma sai sun gwada daga nesa. Na farko ya samu aljihuna. Ta biyu dariya ta kama ta a tsakiyar aiki, ta yi mini feshi daga wuya zuwa cibiya. Kafin in ce a dakata, aikin da mai ɗinki ya yi wata guda yana yi a gaban rigar ya koma jan zane.

Taimako ya fi ɓarnar muni. Wata ta zazzage mini gishiri a ƙirji. Wani ya rantse cewa farar giya ce maganin tabon ja, kafin in buɗe baki ya tuttula mini rabin kofi. Na shigo gidan ban taɓa kusantar giya ba, na fita da iri biyu a jikina, da gishiri a kai.

Da yamma na hau taragon cikin gari ina sauri in je in canza kaya, domin ba a salla da wannan najasa. Wa zan gani a kujerar da ke fuskantata? Alhajin da ke jan mu salla, mutumin Maraɗi, wanda mahaifina ya damƙa masa amanata ta waya. Na durƙusa na gaishe shi. Bai amsa ba sai da ya ja numfashi sau biyu.

"Yaro, daga ina?"

"Baba, daga karatu."

"Wane fanni?"

Na fara zuba: ganga, lita 225, farin ƙwai, bagaruwa. Ina ƙara bayani fuskarsa tana ƙara ɗaurewa, domin wanda bai sha ba bai kamata ya san wannan duka ba. Da na kai kan rabon mala'iku sai ya ɗaga hannu.

"Matso. Hura mini."

Na hura masa iska a fuska a gaban Faransawa cike da tarago. Ya yi shiru, ya ce albasa ce da goro, alhamdu lillahi. Sannan ya cire rawaninsa ya yafa mini a ƙirji, ya ce in sauka a tasha ta gaba in ƙarasa da ƙafa kada wani ɗan gida ya gan ni.

Da aka yi jarrabawa a kan ziyarar, ni na fi kowa maki, domin da yawa cikin masu tofin ashe rabi suke tofarwa, kuma ba su tuna komai daga farin ƙwai zuwa ƙarshe ba. Iyayen da 'ya'yansu ke karatun noma a ƙasashen inabi, in yaro ya dawo yana wari kada ku yi saurin tsine masa. Ku yi hukuncin Alhaji: baki ake shinshinawa, ba riga ba.