Injiniya, Ko Kati Ne Ya Ƙare?

Ƙorafin bai taka kara ya karya ba. Rautar ofishinmu na Kano, ƙirar Cisco, tana aika ɗan saƙon gwaji zuwa reshenmu na Gusau duk bayan daƙiƙa 60 don auna jinkirin layi, abin da ake kira IP SLA. Tun safe take cewa babu amsa, alhali imel da waya lafiya lau. Nan da nan na gano dalili: kafin gwajin sai ta yi sallama ta ƙofar UDP mai lamba 1967, ita kuwa ta Gusau ta toshe ƙofar. Daga kujerata na shiga ta Gusau, na rubuta sabuwar dokar tacewa mai layi ɗaya, a bar 1967 ta wuce, na ɗora ta kan tsohuwar, na danna Enter.

Allo ya tsaya cak.

Na sake dannawa. Na danna da ƙarfi, wai ko ƙarfin yatsa zai kai Zamfara. Cisco tana da wata muguwar ɗabi'a: a ƙarshen kowace irin wannan doka akwai layin da ba a rubuta ba, ba a kuma ganinsa, mai cewa duk abin da ba a ambata ba an hana shi wucewa. Ban ambaci imel ba. Ban ambaci manhajar albashi ba, ga shi ƙarshen wata. Ni kaina ma ba na ciki. Akwai umarnin "reload in 10" da ke sa rauta ta sake tashi da kanta bayan minti goma in abu ya ɓaci, kuma wallahi ya faɗo mini a rai, amma daidai lokacin da yatsana ke ɗagowa daga Enter. Har yanzu in na rufe ido, yatsan nan nake gani yana ɗagowa.

Ana haka Baba maigadi ya leƙo, ya ga ina gumi cikin sanyin AC.

"Injiniya, ko kati ne ya ƙare?"

"Baba, ba ta kati ba ce."

"To matsa bakin taga mana, nan lungun ba sabis."

Na ce masa na'urar tana Gusau. Ya gyaɗa kai irin na wanda ya gano bakin zaren. "Ai shi ya sa. Ruwa ake yi can. Ka ce su tura ta cikin buhun shinkafa ta kwana, haka ɗana ya yi wa wayarsa." Ya jawo kujera ya zauna, don ya ga an bi shawararsa.

Sa'a ɗaya dai, ban adana canjin ba, don haka a kashe a kunna kawai zai dawo da tsohon tsari. Na kira maigadin Gusau, na roƙe shi ya shiga ciki ya zare wayar wutar akwatin nan mai ƙifta fitila. Ya ce an gama. Firjin manaja ya kashe.