Idan Ruwan Tankin Kifi Ya Gurɓace

Ruwan tankin kifin ado yakan gurɓace ta hanyoyi uku, kuma galibi laifin mai tankin ne, kifi dai ɗan kallo ne. Idan ruwan ya yi toka-toka ranar da aka zuba tsakuwa, ƙurar tsakuwar da aka yi ƙyuyar wankewa ce, za ta kwanta. Idan ya yi kore, gansakuka ce ta samu rana, sai a janye tankin daga taga.

Mai tayar da hankali shi ne farin da sabon tanki yake yi, kamar an dama koko. Bakteriya ne suka yawaita a kan ragowar abinci da kashin kifi. Nan maigida yakan zage damtse, ya kwashe ruwan kaf, ya wanke mataci da ruwan famfo. Kulorin da ke cikin ruwan famfon ya kashe bakteriya masu amfani da ke zaune a matacin, aikin mako 4 zuwa 6 da suka ɗauka suna kafuwa ya koma farko.

Maganin ba ya cin kuɗi, shi ya sa ake raina shi: a rage abinci, a canza kwatan ruwan duk mako, a cire hannu. Buɗe bakin da kifi yake yi kuwa numfashi ne, ba roƙon ƙari ba.