Yadda Za Ka Kashe Motarka Tana Ƙyalli

Da farko ka riƙe cewa mutuncin mota a fenti yake. Kullum da safe ka sa yaro ya dirje ta da omo, ya goge tayoyi su yi baƙi wuluk, a fesa turare a kujeru. Bonet kuwa kada ka kuskura ka ɗaga shi. Wa ya aike ka? Duk wanda ya leƙa can sai ya gano abin da zai ci masa kuɗi.

Masu littafin mota sun ce a yi juye bayan kamar kilomita 5,000. Rabu da su, ba su san tsadar baƙin mai ba. Kai dai ka riƙa ƙari: yau rabin lita daga wannan shago, gobe rabi daga wancan, har man ya yi kauri kamar kunun kanwa. Matatar iska ma haka. Duk ƙurar da hunturu ya kwaso daga Hamada, bar ta ta zauna. In injin ya fara shaƙewa yana zuƙe fetur, ka ɗora wa gidan mai laifi.

Wata rana wata fitila mai ruwan ɗorawa za ta kunnu a gabanka. Maganinta ɗan guntun baƙin salatif. In kuma ƙara ce daga ƙasa, to ai don irin wannan rana aka yi rediyo.

Taya ita ce inda gwaninta take. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu da ke faɗin mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Kada ka karanta. Sayi ta hannu wadda ta gama hidimarta a ƙanƙarar Turai, ka kawo ta kwaltar Kano zuwa Zariya a watan Afrilu. Masu ƙera mota sun manna takarda a jikin ƙofar direba mai nuna iskar da ta dace, galibi talatin da ɗoriya, amma mai faci ya fi su sani. Zai dura hamsin, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya ce, "Oga, ta yi." Safaya kuma ka bar ta ba iska, ai hutawa take.

Lagireto ruwan rijiya ya ishe shi. Tsatsa ma halitta ce, ita ma tana son wurin zama. In mota ta fara zafi, bakanike zai cire tamostat ya jefar, ya haɗa fanka kai-tsaye, ya ce wannan na ƙasashen sanyi ne. Ka yi masa godiya, ka ƙara masa na goro. Da ta tafasa a hanya, ka buɗe murfin nan take, don fuskarka ma ta samu rabonta.

Birki? Muddin yana ƙara, yana nan.

Ranar da injin ya buga, janwe ya kai ka gareji, aka aika Ƙofar Ruwa ko Panteka tambayar kuɗin wani, ka dafe kai ka ce motocin yanzu ba su da ƙarko. In aka samu aka lallaɓa ta ta tashi, ka kai wa dillali. Duk mai saye da ya tambaya, amsa ɗaya ce: Hajiya ce ke hawa, daga gida sai gidan biki.